Sabon moto mai IE3 ko na hannu da aka sake wa naɗi: amsa ga Alhaji mai injin casa

Alhaji, sayi sabon. Tsakanin moto mai doki 30 da ke ɗauke da tambarin IE3, wato ajin motoci masu tsimin wuta, da wancan na hannun da aka sake wa naɗin waya, wanda ka ce za a bar maka a rabin kuɗi, ni ban ga abin dogon shawara ba, muddin injin casarka yana wuni yana aiki.

Irin sabon ne a kan injin niƙan abincin kajina, kilowat 22, ƙirar WEG ta Brazil. Lokacin da na sayo shi har mai gyaran wutarmu sai da ya ce na yi almubazzaranci. Bazarar da ta biyo baya ce ta raba gardama. Ka dai san watan Afrilu a Kano, zafi ya haura digiri 40 a waje, balle a ƙarƙashin kwano. Oda ta yi mana yawa gab da sallah, muna tayar da inji da hantsi ba mu kashewa sai bayan isha'i. A haka nake zuwa in ɗora tafin hannuna a bayan moton, in bar shi can ina magana da yara. Da ɗumi, amma ba na ƙuna ba. Maƙwabcina kuwa, mai moto irin wanda ake tallata maka, buhu yake jiƙawa ya lulluɓa masa, ya kafa masa fanka ta tsaye, duk da haka da azahar sai ya kashe ya jira ya huce, leburori suna zaune ana biyansu. Wannan zafin da yake yaƙi da shi wuta ce ya biya kuɗinta, ta shiga moton ba ta juya komai ba, ta fita a matsayin turiri.

Ga lissafin, don kada a ce son abina ne ya sa. Ma'aunin da IEC, hukumar ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya, ta kafa ya raba motoci aji-aji. A moto mai kilowat 22 da ke juyi wajen 1,450 a minti, ajin IE1 yana mayar da kashi 89.9 cikin ɗari na wutar da ya sha zuwa aiki, IE2 kashi 91.6, IE3 kuma kashi 93. A ido kamar ba wani abu ba ne. To amma in suna ɗauke da cikakken lodi, IE1 zai ja kilowat 24.5, IE3 ya ja 23.7. A ce kana aikin awa 10 a rana, kwana 300 a shekara, tazarar ta haura yunit 2,400. Tun da NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki, ta ɗaga kuɗin yunit na Band A, rukunin da ya fi samun wuta, a Afrilun 2024 daga wajen naira 68 zuwa 225, daga baya a shekarar ya koma 209.5, a kan wannan farashin tazarar kaɗai ta wuce naira dubu 500 a shekara. In kuwa a janareta kake, abin ya fi muni, domin litar dizal yunit uku da ɗan wani abu take bayarwa, ka ga lita 800 ke nan kusan, ka ƙona a banza. Kuma fa na kwatanta ne da IE1 lafiyayye wanda bai taɓa ƙonewa ba.

Abin da mutanenmu ba sa lura da shi: a wannan lissafin, moton da ya fi tsimi ma wutar kusan naira miliyan 15 zai sha a shekara. Kuɗin sayensa ɗan tsito ne a kan abin da zai ci a rayuwarsa. Muna zuwa kasuwa mu yi awa biyu muna ciniki a kan ƙaramin kuɗin, babban kuma mu miƙa wa kamfanin wuta na KEDCO da masu gidan mai ko tari babu.

Shi naɗin waya ba haram ba ne, yadda ake yinsa ne matsalar. Ka taɓa tsayawa ka ga yadda ake fitar da tsohuwar waya? Wasu wuta suke hurawa su jefa gangar moton a ciki, wasu da wutar walda suke bi. Alhali cikin gangar nan siraran faifan ƙarfe ne aka jera, kowanne da shafin da ya raba shi da ɗan'uwansa. In wuta ta cinye shafin, faifan suka haɗe, moton zai riƙa yin zafi ko babu lodi, kuma babu gwanin da zai iya mayar da shi. Sai a zo wajen waya, in ba a samu mai kaurin ta asali ba a sa wadda ta samu. Moto zai tashi, zai juya, ka biya ka tafi kana murna. A takardar wuta za ka ga sauran bayani. Ga shi kuma masu sana'ar suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin kwanan rufin waya, shi ya sa wanda ya ƙone sau ɗaya ba ya jimawa ya koma.

Na hannu dai, in ɗan Turai ne na gaske da ba a taɓa buɗe cikinsa ba, kuma aikinka bai wuce awa biyu ko uku a rana ba, to zai yi maka. Iyakar abin da zan iya faɗa a kansa ke nan. Ka tuna ma ƙasashen Turai sun fara tilasta IE3 a motoci masu wannan girman tun 2015, galibin abin da ake kwasowa a kwantena waɗanda suka cire ne.

Ba ka tambaya ba, amma tunda kuɗi za ka fitar, bari in faɗa. Kalmar “sabo” a bakin wasu 'yan kasuwa fenti take nufi. Za a wanke tsohon moto, a fesa masa shuɗi ko toka-toka, a buga masa farantin bayanan moto na babban kamfani mai IE3 ɓaro-ɓaro, a sa a kwali. Wani kuma sabon ne da gaske, amma wayar cikinsa alminiyam ce aka yi wa ruwan tagulla, ko kuma doki 25 ne aka rubuta masa 30. Kada ka je kai kaɗai. Tafi da mai gyaran wutarka, ba wanda mai shago zai kira maka ba. A buɗe akwatin haɗa waya a kankare bakin wayar naɗin da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙasa ka yi sallama. Ka duba ƙusoshin da suka riƙe farantin, ka leƙa ƙarƙashin ƙafafu da bayan murfin fanka, inda mai fenti yake mantawa. A ɗora shi a sikeli a gwada da nauyin da kamfanin ya rubuta, domin IE3 na gaske yana da nauyi, tagulla da ƙarfen cikinsa sun fi yawa. Sannan a ba shi wuta ba tare da bel ba, a maƙala mita a kowace waya. Layukan wutar uku su zo kusan daidai, kuma abin da yake ja babu lodi ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da ke kan farantin. In ya doshi rabi ko ya wuce, akwai magana. Wanda ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa. Rasit kuma a rubuta lambar moton da wa'adin garanti a jiki.

In ka kawo shi gida, kada ka haɗa shi kai tsaye. IE3 yana fizgar wuta sosai wajen tashi, har ya fi tsofaffin, don haka sai da sitata mai tayarwa a mataki biyu, musamman in janaretarka ba ta da girma. Ka sa masa na'urar da ke kashe shi in layi ɗaya ya ɗauke, domin wannan ne ke ƙona yawancin motocinmu a nan, sabo da tsoho. Kada kuma wani ya zuga ka ka ɗauki doki 40 wai don ya samu sarari. Moton da ke aiki ƙasa da rabin ƙarfinsa asara yake yi, ya fi jin daɗi a wajen kashi uku cikin huɗu na lodinsa. Ƙurar shinkafa kuma ta fi ta masarata naci, ka sa yaro ya riƙa busa ramukan murfin fanka da tsagin bayan moton duk mako, a duba bel kada ya yi sako-sako.

In kuɗin bai cika ba a yanzu, gara ka lallaɓa wanda kake da shi zuwa bayan kaka, ko ka sauko IE2 sabo daga dilan da kamfanin ya san da zamansa. Idan ka tashi zuwa, turo min hoton farantin ta akwatin saƙo kafin ka biya, in duba maka lambobin.