DGT: ɗan robar da ke jiyo abin da laka ke amayarwa

Ni ɗan Maraɗi ne, teku kuwa sai da neman horo kan ingancin ruwa ya kai ni Kotonu na fara ganinta. Can aka miƙo mini DGT, wani ɗan abin roba na auna ƙarafan da ke narke cikin ruwa da laka, dabarar da Bill Davison da Hao Zhang na Jami'ar Lancaster a Ingila suka fito da ita a 1994. Da farko raina shi na yi. Iri biyu ne: ɗaya kamar murfin kwalba, ɗaya kuma dogo kamar rular ƴan makaranta.

Dogon shi ne ya burge ni. Ana cusa shi a lakar bakin teku, a bar wani sashe a sama cikin ruwa. A cikinsa akwai tacewa, sai wani abu mai santsi kamar kaurin koko da ya daskare, sai shimfiɗar ƙarshe mai riƙe ƙarafa irin su dalma, tagulla, tutiya da kadmiyam. Bayan kwana ɗaya ko biyu a zaro shi, a yanka shimfiɗar siri-siri, a jiƙa ta cikin ruwan asid, a kai ɗakin gwaji. Da sakamakonmu ya fito, sai ga ƙarafan sun fi yawa a ƙarƙashin fuskar lakar, suna raguwa zuwa sama. Wato laka ce ke ba ruwa, ba ruwa ke ba laka ba. Idan iska ta ƙare a cikin laka, tsatsar da ke riƙe da waɗannan ƙarafa takan narke ta sake su. Ɗibar ruwa a kwalba ba za ta taɓa nuna maka haka ba.

Da na dawo gida na ce bari in gwada a tafkin Madarunfa, tunda mu ma dalma ba baƙuwarmu ba ce: ɗaruruwan yara ta kashe a Zamfara a 2010. Nan na sha wuya. Abin na son sanyin firiji, ba ya son ƙanƙara, ba ya son bushewa, mu kuwa wuta ta zo ta tafi. Biyu suka lalace mini kafin su ga ruwa. Dogon ma sai an kore masa iska da gas ɗin naitirojin kafin a cusa shi. Kuma dole ka riƙa rubuta zafin ruwa, don lissafin ya dogara da shi. Wani masunci ya tsaya yana kallona, ya ce, "Malam, wannan tarkon wane kifi yake kamawa?"

Wanda ya tsira na yanka shi na aika waje, don injin karantawar ba a nan yake ba. Kuɗin aikawa da gwajin sun fi na abin kansa. Duk mai son sayensa, ya fara samun ɗakin gwaji da firiji mai sola tukuna.