LinkedIn na Kyauta ko Premium: Wanne Ya Dace da Mai Sana'a?

'Yan kasuwa sun sha tambayata ko biyan kuɗin Premium a LinkedIn, dandalin intanet na hulɗar ma'aikata da 'yan kasuwa, yana da amfani, ko na kyauta ya wadatar.

Ta fuskar kuɗi, Premium biya ake yi duk wata ko duk shekara. Akan ba da gwajin wata guda kyauta, amma a kula, in ba ka soke ba kafin wa'adin ya cika, za a ciri kuɗi daga katinka.

Inda suka fi bambanta shi ne wajen isa ga mutane. A na kyauta, galibi sai mutum ya karɓi gayyatarka kafin ka samu damar yi masa magana kai tsaye, kuma in ka cika bincike a wata ɗaya sai a taka maka birki. Premium Business kuwa, wato tsarin Premium na 'yan kasuwa, yana ba ka saƙon InMail 15 a wata zuwa ga waɗanda ba ku haɗu ba, yana kuma nuna maka waɗanda suka leƙa shafinka. Wannan babbar dama ce, domin wanda ya leƙo ka ya riga ya nuna sha'awa. Sai dai InMail ba ya tilasta wa kowa amsawa.

In ka daina biya, da zarar wa'adin da ka biya ya ƙare, damar ta tafi. Mutanen da ka tara kuwa suna nan.

Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, wanda cinikinsa ke WhatsApp, na kyauta ya ishe shi. Mai neman fitar da riɗi ko zoɓo waje, ko mai hulɗa da kamfanoni, shi Premium ya fi dacewa da shi, muddin zai riƙa aika saƙonnin duk wata.