const ko define() a cikin namespace na PHP?

Masu koyon harshen shirya manhaja na PHP da yawa suna ɗauka const da define(), hanyoyi biyu na ƙirƙirar constant (suna mai ƙimar da ba ta canzawa), duk abu ɗaya ne, amma wallahi ba haka ba ne, musamman tun da namespace, wato hanyar raba sunaye rukuni-rukuni don kada su yi karo, ya shigo a PHP 5.3 a 2009. In ka rubuta namespace App a saman fayil sannan ka ce const IYAKA = 10, sunansa na gaskiya ya zama App\IYAKA kai tsaye, ba sai ka yi komai ba. Shi kuwa define('IYAKA', 10) ba ruwansa da inda kake, wajen namespace yake jefa sunan inda kowa ke gani, sai dai in ka rubuta cikakken sunan da hannunka ko ka haɗa da __NAMESPACE__, wanda ke riƙe da sunan namespace ɗin da kake ciki.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne lambar tana aiki lafiya lau, saboda in PHP ya nemi IYAKA a App bai samu ba sai ya leƙa waje ya ɗauko, har ranar da wani laburare (lambar da wasu suka rubuta kake amfani da ita) ya zo da suna iri ɗaya, su yi karo.

define() na da ranarsa fa, yana shiga cikin if ko function, const ba ya shiga. Ni dai in ba dole ba, const nake ɗauka.