2442 ɗinmu ta gida da rajistar Do Not Call ta Amurka: amsa ga ƙanwata da kiran 'yan talla ya isa

Wa'alaikumus salam ƙanwata, ya baƙunta, ya sanyi? Tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa, don amsar ta wuce layi biyu. Ga waɗanda ba su gani ba, ta ce wata uku ke nan da saukarta jihar Maryland a Amurka, ko mutum goma ba su san sabuwar lambarta ba, amma kullum sai an kira ta sau biyar sau shida: wannan inshorar mota, wancan rancen kuɗi, wani kuma muryar na'ura ce kawai ke zuba. Abokiyar aikinta ta ba ta shawarar ta sa lambarta a rajistar Do Not Call, wato ta masu cewa kar 'yan talla su kira su. Shi ne take tambaya ko ita ce 2442 ɗinmu ta Najeriya, lambar da ake tura wa saƙo don tsayar da talla, kuma wacce ta fi aiki, saboda wayar Umma a Zariya ma saƙonnin talla sun hana ta sakat.

Ki yi duka biyun, taki can, ta Umma nan, ko sisi ba a biya. Sai dai ba abu ɗaya ba ne, kuma in ba ki gane inda suka rabu ba, za ki yi rajistar ki zauna jiran shiru, shirun bai zo ba, ki ce yaudara ce.

Kin san rubutun nan da ake yi a bangon zauren gidan aure, "Ba a shiga". To rajistar Amurka ke nan. Hukumar FTC, wadda ke kare masu saye, ita ta buɗe ta a 2003. Jerin lambobi ne kawai. Doka ta wajabta wa duk kamfanin da ke talla ta waya ya riƙa ɗauko jerin aƙalla duk kwana 31, ya goge lambobin da ke ciki daga nasa. Rajistar da kanta ba ta tare kira ko guda. Mai kunya da tsoron hukuma ya karanta ya juya, ɓarawo kuwa ko kallon bangon ba ya yi. Ita 2442 ta fi kama da maigadi a bakin ƙofa. Hukumar sadarwa ta NCC ce ta tilasta wa kamfanonin layi su samar da ita a tsakiyar 2016, kuma tunda saƙonnin talla ta cikin na'urorin kamfanin layin suke bi kafin su iso wayarki, shi kamfanin ne ke tare su a hanya. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya yi 2442 yakan ga canji da wuri, wanda ya yi ta Amurka kuma sai ya yi haƙuri.

Yadda ake yi ma ya bambanta. Ke a can, ki shiga shafin donotcall.gov, ki sa lambarki da adireshin imel. Za su turo miki saƙo, dole ki buɗe shi ki danna linkin da ke ciki kafin awa 72, in ba haka ba kamar ba ki yi ba. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe, sai saƙon ya faɗa akwatin tarkace su manta da shi. In ba kya son wannan zagaye, ki kira 1-888-382-1222, amma da wayar da kike son a yi wa rajistar. Washegari lambarki ta shiga, sannan a ba kamfanoni har kwana 31 su daina. Da farko duk shekara biyar ake sabuntawa, daga 2008 aka mayar da ita ta dindindin. Abu ɗaya da ya shafe ki kai tsaye: lambar da kika saya wata uku da suka wuce, da wuya a ce ke ce ta farko a kanta. Kamfanoni kan sake sayar da lambobin da aka bari, kuma idan lamba ta koma hannun wani akan cire ta daga rajistar. Ke nan wasu kiraye-kirayen gadon mai lambar na baya kika ci, musamman masu bin bashi. Wasu kuma na'ura ce ke buga lambobi a jere, ba ruwanta da ko waye ke riƙe da su.

Ta Umma kuwa ba ta kai minti ɗaya ba. A rubuta STOP a tura wa 2442, shi ke nan an rufe ƙofar gaba ɗaya. In aka tura STATUS za a ga matsayin layin. In aka tura HELP, za su jero rukuni-rukuni, na banki da inshora, na ilimi, na lafiya, na wasanni, na addini da sauransu, mutum ya zaɓi wanda yake so ya bari a buɗe. Rajistar Amurka ba ta da wannan zaɓin, ko kina ciki ko ba kya ciki.

Bari in tsaya kan wayar Umma kaɗan, don na san ciwon. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya taɓa sa katin ɗari biyar da magariba don ya kira ƙanwarsa da safe. Gari na wayewa ya miƙo min wayar yana cewa, "Duba min, ko yaran nan ne suka yi kira da ita." Ba wanda ya taɓa ta. Da na bincika, sai na tarar an sa shi a waƙar da mai kira ke ji, da labarin ƙwallon Turai, da wani abu wai shawarar lafiya ta kullum, kowanne na tsakurar nasa. Mutumin da ko saƙon tes ba ya karantawa. Wani kiran na'ura ne ya shigo, ya danna lamba yana ƙoƙarin kashewa, shi ke nan aka ɗaura masa. Na tura STOP a ranar, saƙonnin talla suka ragu sosai, amma cire kuɗin bai tsaya ba sai da na bi kowanne na soke. Wannan ne abin da mutane ba su sani ba: 2442 tana hana sabon talla shigowa, ba ta kwance abin da aka riga aka ɗaura. Yanzu an sauƙaƙa, tun 2023 da NCC ta daidaita gajerun lambobi a duk layuka, *305# ce ta duba irin waɗannan hidimomi da soke su, 300 kuma ta kiran ma'aikatan kamfanin. In sun yi miki kunnen uwar shegu, ki riƙe lambar ƙorafin da suka ba ki, ki kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne.

Akwai kuma illa ɗaya ta rufe ƙofa gaba ɗaya. Maigadin ba ya tantance fuska sosai. Makarantar yara ko asibiti ko ƙungiyar da ke tura saƙo ga jama'a da yawa ta hanya mai araha, wani lokaci nasu ma ba ya isowa. Manyan bankuna suna da tasu hanyar ta daban, alat yakan shigo, amma in Umma ta fara cewa saƙon taron Islamiyya ya daina zuwa, ki tuna da wannan, a koma a zaɓi rukuni. Ke a can ba ki da wannan fargabar, tunda rajistarku ba ta tare komai.

Naki ramin daban ne, wato waɗanda doka ta ɗauke wa. 'Yan siyasa za su kira ki, kuma in zaɓen Nuwamba ya matso za ki sha mamaki. Ƙungiyoyin agaji masu neman taimako za su kira. Masu jin ra'ayin jama'a da masu bin bashi duk rajistar ba ta hau kansu ba. Sannan duk kamfanin da kika yi ciniki da shi yana da damar kiranki har wata 18 bayan cinikin, wanda kuma kika tambayi farashi kawai yana da wata uku. A nan nake zargin inshorar motar nan ta samo asali. In kin taɓa cika fom a intanet kina neman kwatancen farashin inshora, to a ƙasan fom ɗin akwai ƙananan rubutu da ke cewa kin yarda su da abokan hulɗarsu su kira ki, kuma abokan hulɗar nan ba su ƙirguwa. Maganinsu shi ne ki faɗa wa mai kiran a fili cewa ya sa ki a jerin kamfaninsu na waɗanda ba a kira. Doka ta tilasta musu bi, ko da jiya kika yi ciniki da su. Ki rubuta rana da sunan kamfanin a wani wuri. Kuma duk mai talla da ya kira ki kafin ƙarfe takwas na safe ko bayan tara na dare ya taka doka.

Wajen hukunci kam, gaskiya Amurka ta yi mana nisa. Tarar kira ɗaya tak na iya haura dala 50,000. A 2017 kotu ta ci kamfanin Dish Network tarar dala miliyan 280 kan kiran mutanen da suka ce kar a kira su. A 2023 hukumar sadarwarsu, FCC, ta yanka wa wani gungu na masu kiran na'ura kan garantin mota tarar kusan dala miliyan 300. Har ila yau akwai dokar 1991 da ta ba mutum damar kai ƙara da kansa ya nemi dala 500 kan kowane kira, ya kai 1,500 in da gangan ne. Mu a nan, NCC kamfanonin layi take riƙewa, talaka kuwa iyakarsa ƙorafi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum haƙƙin cewa kar a yi amfani da bayanansa wajen talla, amma mutum nawa ne a Sabon Gari ya san da ita?

Duk da haka kar lissafin dalolin nan ya ruɗe ki. Sama da lambobi miliyan 240 ne a rajistar Amurka, kuma masu su har gobe suna shan kira, saboda mafi yawan masu damun mutane yanzu ba kamfanoni ba ne masu ofis da adireshi. 'Yan damfara ne, da dama daga wajen ƙasar, suna kira ta intanet su ɗora lambar ƙarya a fuskar wayarki. Za ki ga lamba ta fara da 301 ko 240 kamar maƙwabciyarki ce a Maryland, ki ɗaga, ki ji wai daga hukumar haraji ne ko ta shige da fice, wai takardunki na da matsala, ki je kanti ki sayi katin kyauta, wato gift card, ki karanto musu lambobin. Sabon zuwa suke nema, don sun san tsoron takarda. Babu hukumar gwamnati da ke karɓar kuɗi ta katin kanti. Haka duk wanda ya kira ki ya ce zai sa ki a rajistar Do Not Call in kin biya, ɓarawo ne, FTC ba ta kiran kowa don wannan. A gida ma hakan take. Wanda ke kiran Umma da lamba mai goma sha ɗaya, ya yi sallama cikin ladabi, ya ambaci cikakken sunanta, ya ce daga banki ne za a rufe asusunta in ba ta karanto lambobin da aka turo mata ba, 2442 ba ta ganinsa, domin a wurin kamfanin layi kira ne kamar na kowa. Haka saƙon WhatsApp, haka masu manhajar bashi da ke bin lambobin dangi suna cin mutunci. Su masu manhajar bashin, hukumar FCCPC mai kare masu saye a Najeriya ake kai wa ƙararsu.

To me ya rage na amfanin rajistar taki? A ganina babban amfaninta shi ne ta cire miki shakka. Mu an raine mu da cewa kashe wa mutum waya yana magana rashin tarbiyya ne, sai ki ga mace ta tsaya minti biyar tana ba baƙo haƙuri da Turancin da bai gama zama a bakinta ba, shi kuwa yana ta jan zance har ya samu ranar haihuwarta. Bayan kwana 31 da rajista, duk wanda ba ki sani ba, ba ki taɓa ciniki da shi ba, ba ki kuma ba shi izini ba, ya kira yana tallar wani abu, ya riga ya nuna miki ba ya bin doka. Ki kashe, babu nauyi a kanki. In muryar na'ura ce ke talla ba tare da kin ba da izini a rubuce ba, wannan haramun ne a dokarsu ko kina rajista ko ba kya ciki. Kar ki danna lambar da suka ce wai ta cire suna, dannawar ce ke shaida musu akwai mutum a layin. Ki koma donotcall.gov ki kai rahoto, saƙon tes na banza kuma ki tura shi zuwa 7726.

Wasu a nan za su ce ki kunna tsarin wayar da ke toshe duk baƙuwar lamba. Yana aiki, amma ke da kike jiran kira daga makarantar yara da wurin aiki, ban ba ki shawarar yanzu ba sai kin tabbatar akwatin saƙon muryarki na aiki kuma kina duba shi. Truecaller ma yana taimakawa wajen nuna sunan mai kira, sai dai ki karanta abin da yake nema a wayarki kafin ki ce kin yarda, don lambobin mutanenki amana ce.

Batun Umma, kar ki ce za ki yi mata bayani ta waya, ba za ta bi ba. Ki sa ɗaya daga cikin jikokinta ya zauna gabanta ya tura STOP ɗin, ya duba *305#, ya ɗauki hoton amsar ya turo miki. Sannan ya rubuta mata a takarda da manyan baƙi, da ajami in shi ta fi karantawa, cewa banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya, ya saka takardar a bayan murfin wayar. Ki gaishe min da ita da kyau in kun yi magana.