Gansakukar Teku Ko Jaki: Maganin Tari Biyu a Ƙauyukan Ayilan

Idan tari ya kama yaro a karkarar Ayilan, wata ƙasa a yammacin Turai, a zamanin da, iyaye kan bi hanyoyi iri-iri; ga biyu daga ciki. Duk sun fito a cikin bayanan da 'yan makaranta suka tattaro daga bakin tsofaffi tun daga 1937, ƙarƙashin hukumar adana al'adun gargajiya ta ƙasar.

Ta farko ita ce karagin, wata jar gansakuka da ke maƙale a duwatsun gaɓar tekun Atlantika. Idan ruwa ya janye sai a tsinko ta, a shanya har ta yi fari-fari. Ranar buƙata a jiƙa ta, a tafasa da ruwa ko madara, a tace, a sa zuma da lemon tsami. Ruwan yakan yi yauƙi kamar na kuɓewa, kuma wannan yauƙin ne ke shafe maƙogwaro ya rage ƙaiƙayi. Ba ta kashe cutar, amma mai tari yakan ji sauƙi. Har yau ana sayar da busasshiyarta.

Ta biyu kuwa ta tarin shiƙa ce: a ratsa da yaro ta ƙarƙashin cikin jaki, a zagayo da shi ta saman gadon bayan jakin, sau uku. Wasu ma madarar da wata dabba mai kama da tunku ta sha ta rage suke ba shi.

Ni dai karagin zan ɗauka, ko ba komai abu mai ɗumi ya shiga ciki. Jakin babu abin da ya yi sai kwantar da hankalin uwa. Tarin shiƙa kuwa allurar rigakafi ce ta karya lagonsa a Ayilan.