Yawon ƙafa da ɗan jagora a Iskandariyya, yadda na gani

Mun kawo Hajiyarmu Alƙahira ne aikin ido, da aka gama likita ya ce sai bayan kwana 5 a dawo, shi ne ƙanina da ke karatu a Azhar ya ce Yaya zo mu je Iskandariyya mu yini tunda ga Anti tana tare da Hajiya. A Facebook ya samo mana wani ɗan jagora mai zagayawa da baƙi a ƙafa, muka yi ciniki ta WhatsApp, da asuba muka hau jirgin ƙasa daga tashar Ramsis, tafiyar ta ɗan tasam ma awa 3. Ku sani tikitin baƙo ya fi na ɗan ƙasa tsada, haka ma a ƙofar wuraren tarihi.

Mutumin kam ya cika alkawari, muna fitowa daga tasha yana tsaye, saurayi ne mai fara'a, Larabci yake yi a hankali saboda ni in ji, abin da ya shige min kuma ƙanina ya fassara. Farko ya kai mu Kom el-Dikka nan kusa da tashar, wani dandali ne na zamanin Rumawa mai matattakalar farin dutse da aka tono a ƙarƙashin ƙasa wajen 1960, akwai wani guri a tsakiya da in ka tsaya ka yi magana sai ka ji muryarka ta dawo maka kunne, na gwada da sallama kuma wallahi haka ne. Daga nan muka bi titin Nabi Daniyal inda masu tsofaffin littattafai suka jeru, muka ɓulle dandalin Sa'ad Zaglul, kawai sai ga Bahar Rum a gabanmu. Ni da na tashi a Katsina ban taɓa ganin ruwa haka ba, iskar ma gishiri-gishiri take a leɓe.

Inda na ji kuɗina sun halatta shi ne lungunan unguwar Manshiyya. Ya nuna mana dandalin da Jamal Abdunnasir ya tsaya a 1956 ya sanar da ƙwace mashigin Suwes, sannan ya kutsa da mu wata kasuwa da suke kira Zanƙatus Sittat, matsattsiya ce ƙwarai sai an yi kafaɗa da kafaɗa, duk kayan mata ne, zare da leshi da turare da awarwaro, in kai kaɗai ne ba za ka san ma akwai ƙofar shiga ba balle ta fita. A bakin nan muka sha ruwan rake da aka matse a gabanmu, muka ci burodi da soyayyiyar hanta mai barkono wadda garin ya yi suna da ita, mai suyar yana juya ta a faranti yana ce min tafaddal ya Hajj.

Amma abin da ya kawo ni tun farko masallacin Shehu Abul Abbas al-Mursi ne, almajirin Shehu Shazali, mutumin Mursiya ta Andalus da ya rasu a 1287. Ginin yanzu a 1945 aka kammala shi, ka ɗaga kai ka ga ƙubba da zane sai ka rasa inda za ka ajiye ido. Gefensa kaɗan ga masallacin Imamu Busiri mai Burda, baitocin a rubuce a jikin bango, na tsaya ina bin su da ido ina tuna yadda Malaminmu ke rera su a zaure lokacin Maulidi, har sai da na yi ƙwalla. To a nan ne ɗan jagoran ya ɓata min rai. Ko minti 15 ba mu yi ba ya fara duba agogo yana yalla yalla, na ce masa ɗan'uwa ka yi haƙuri in idar da addu'a, ya tsaya amma fuska ba daɗi, ashe saurin na kai mu shagon wani abokinsa ne mai sayar da tsaraba, can kuma muka ɓata fiye da rabin awa ana ta tura min kaya da tsada. Ban sayi komai ba kuma na faɗa masa gaskiya cewa bai kyauta ba, ya ba ni haƙuri.

Muka ƙarasa ganuwar Ƙaitbay da la'asar, wadda Sarkin Musulmin Masar Ƙaitbay ya fara ginawa a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar fitila ta Faros da girgizar ƙasa ta rushe. Daga sama kana hango kwale-kwalen masunta da babban ɗakin karatu na Iskandariyya da aka buɗe a 2002 can ɗaya ɓangaren, shi kam ba mu samu zuwa ba ƙafa ta gaji. Bakin ruwan ba sai da jagora ba, hanya ce ɗaya miƙaƙƙiya, sai dai tsallaka titin abin tsoro ne don motoci ba sa ragawa kowa, ku jira 'yan gari ku bi ayarinsu. Ku sa takalmi sawu-ciki ba silifas ba, dattijo mai ciwon gwiwa kuma gara a ɗaukar masa tasi, irin masu ruwan ɗorawa da baƙin nan.

Zan sake ɗaukarsa in Allah Ya sa na koma, amma tun a waya zan gindaya masa cewa ba shagon kowa, kuma awa guda cur a wajen Mursi da Busiri. Hajiya ma da na nuna mata hoton bangon masallacin Busiri bayan an cire mata bandeji ta ce lallai sai an kai ta kafin mu koma gida.