Gargaɗi ga masu tara tsofaffin jiragen 'yan fashin teku na LEGO

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan bayani, amma a makon da ya wuce na sake cin karo da tallar mutumin da ya karɓe mini kuɗi, ya sauya suna ya sauya lambar waya, hotunan kuwa su ne dai waɗanda ya nuna mini wata huɗu da suka wuce, har na ga mutum biyu a ƙarƙashin tallar suna tambayarsa farashi. Daga nan na tabbata cewa in na ci gaba da kame bakina, ina da kamasho a duk asarar da wani zai yi a bayana. Mu manyan da muke tara waɗannan jirage muna harhaɗa su ba mu da yawa a ƙasar nan, kuma da yawanmu ba ma son a san muna kashe kuɗi a kan abin da mutane ke kira kayan wasan yara, saboda haka wanda aka cuta yakan haɗiye abinsa ya yi shiru. Wannan shirun namu shi ne jarin mutumin nan.

Ga wanda bai san harkar sosai ba, kamfanin LEGO, mai ƙera ƙananan bulon roba da ake harhaɗawa, da ke garin Billund a ƙasar Denmark ya fara fitar da jerin 'yan fashin teku ne a shekarar 1989. Babban jirgin wannan shekara shi ne Black Seas Barracuda, mai lamba 6285, wanda ke da bulo kusan 900, da filafilan yadi masu ratsin ja da fari, da igwa huɗu, da 'yan mutum-mutumi takwas, cikinsu har da kyaftin ɗin nan mai jan gemu da ƙugiya a hannu da ƙafar katako. A shekarar ne kuma aka fitar da Caribbean Clipper, lamba 6274, jirgin sojojin gwamna mai ratsin shuɗi da fari, sannan a 1993 Skull's Eye Schooner ya biyo baya da lamba 6286 da ratsin baƙi da fari. An sake buga Barracuda sau ɗaya a 2002 da lamba 10040, daga nan aka daina. Abin da aka daina yi shekaru masu yawa kuma masu nemansa suna ƙaruwa, dole ya yi tsada. A yau cikakken Barracuda da aka taɓa wasa da shi yana cin ɗaruruwan daloli a kasuwannin Turai da Amurka, wanda kuwa yake rufe a kwalinsa ba a taɓa buɗewa ba, maganar dubbai ake yi.

Ni abin da ya jawo ni cikin harkar shi ne Caribbean Clipper da kawuna ya kawo mini tsaraba lokacin da ya dawo daga karatu a Ingila, ina ɗan aji huɗu a firamare. Jirgin ya watse a hannun ƙannena tun da daɗewa, abin da ya rage mini shi ne aku ɗaya da igwa ɗaya, waɗanda har yau suna cikin durowar teburina. Da LEGO ya fitar da Pirates of Barracuda Bay a 2020 na saya na harhaɗa, sai tsohon marmarin ya dawo sabo, na shiga neman jiragen asali na wancan zamani. Na faɗi wannan ne domin a gane cewa mutumin bai same ni a matsayin wanda bai san kayan ba. Ya same ni ne a matsayin wanda ya shekara uku yana neman abu ɗaya bai samu ba.

Ya fara tuntuɓata ne bayan na rubuta a wani zauren masu sha'awar irin waɗannan kaya cewa ina neman 6285. Hausa yake yi tsantsa, da ladabi, ba ya kirana sai da "ranka ya daɗe". Ya ce shi ɗan kasuwar gwanjo ne mai ɗauko dilolin kayan wasan yara daga Ingila ta Kwatano, kuma a wata dila da ya fasa ya tarar da tsofaffin jirage uku a kwalayensu. Labarin bai yi mini baƙo ba, domin duk wanda yake zagaya 'yan gwanjo a Kofar Wambai ko makamantanta ya san cewa jefi-jefi akan tsinci bulon LEGO na gaske a cikin buhunan kayan wasa, ni kaina na sha saye a hakan. Ya turo hotuna shida masu kyau: kwalin da rubutun LEGOLAND a kusurwarsa, murfin gaba a ɗage ana hango kayan ta cikin roba, littafin harhaɗawa a gefe, filafilan a shimfiɗe a kan tebur. Ya san lambobin jiragen, ya san shekarunsu, har ya gaya mini cewa a Ingila ana kiran jirgin Dark Shark, wanda gaskiya ne. Wannan sanin nasa shi ya kwantar mini da hankali, alhali duk abin da ya faɗa yana rubuce a intanet, mutum zai iya haddace shi cikin rabin sa'a ba tare da ya taɓa riƙe bulo ɗaya a hannunsa ba.

Farashin da ya yanka bai kai rabin abin da ake sayar da jirgin a waje ba, ya ce shi bai damu da darajarsa a wurin Turawa ba, so yake ya mayar da kuɗin dilarsa. Na roƙe shi mu yi kiran bidiyo in ga kayan, ya ce suna sito a wurin yaronsa kuma sabis ba shi da kyau a can. Na ce to yaron ya rubuta sunana da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da kwalin ya ɗauki hoto, ya ce zai sa a yi, bai yi ba, washegari kuma ya kira ni da sassafe ya ce: "Ranka ya daɗe, wani mutumin Abuja ya taya da ƙari, amma na riga na yi maka alkawari, ka sa kafin alƙalami kawai in hana shi." A nan ne na yi cinikin biri a sama. Na tura rabin kuɗin zuwa wani asusu wanda sunan da ke kansa ba shi ne sunan da ya ba ni ba, ya ce na matarsa ne. Bayan kwana biyar ya nemi ƙarin kuɗin fito da na mota, na tura. Bayan mako biyu ya ce kaya sun iso Legas, in cika ragowar a ɗora su a mota, na cika.

Abin da ya bambanta shi da sauran 'yan damfara, kuma ya sa nake ganin ya fi su haɗari, shi ne ni ya aiko mini da kaya. Direba ya kira ni na je tasha na karɓi kwalin taliya naɗe da salatif. Babu kwalin LEGO, babu littafi, sai leda uku cike da bulo. Da na zazzage su a kan tabarma na ɗauki na farko na kai kusa da fitila, sai na ga kawunansa sumul, ba rubutu. Duk bulon LEGO na gaske yana ɗauke da sunan kamfanin a rubuce ƙanana a kan kowane ɗan kai da ke samansa, kuma farce ma yana jin rubutun. Cikin abin da ya aiko, waɗanda ke da wannan rubutu ba su fi cikin tafin hannu biyu ba, ya barbaɗa su ne a saman kowace leda domin wanda ya leƙa da sauri ya gamsu. Sauran roba ce mai walƙiya mara nauyi, wasu in ka haɗa su sai su zame, wasu kuma su cije sai da haƙori ko wuƙa.

Hatta 'yan na gasken da ya sa, launinsu ya tona masa asiri. A 2004 LEGO ya sauya ruwan tokarsa da ruwan ƙasarsa: tsohon ruwan toka mai ɗan ɗumi ne, sabon kuwa yana da sirkin shuɗi, tsohon ruwan ƙasa kuma an maye gurbinsa da wanda ya fi ja. Na ɗauko wasu tsofaffin bulo da na tabbatar da shekarunsu na jera su kusa da nasa a hasken rana, bambancin ya fito fili. Jirgin da aka yi a 1989, ko ma na 2002, ba zai taɓa zuwa da launin da ba a ƙirƙira ba sai 2004. Filafilan kuwa wani yadi ne mai santsi, fari tas kamar yau aka wanke, gefensa yana zare, ramukan da ake saƙala su a jikin jigo an huda su a karkace. Yadin da ya haura shekara 30 ba ya zama haka; farinsa yakan ɗan dushe, kuma yakan riƙe alamar ninki. Babbar tutar mai ƙoƙon kai, wadda ko a jiragen gaske da wuya ka samu maƙalanta biyu duk lafiya saboda saurin karyewa, babu ita kwata-kwata.

Ya kamata in yi adalci a nan. Yin bulo mai shiga cikin na LEGO ba laifi ba ne, kamfanoni da dama suna yi da sunansu, kuma akwai masu ɗinka sababbin filafilai suna sayarwa ga wanda nasa suka lalace, suna faɗa ƙarara cewa kwaikwayo ne. Laifin yana wurin sayar da jabu da sunan na asali. Kamfanin Lepin na China, wanda ya riƙa kwafar kayan LEGO har da zanen kwalayensu, 'yan sanda sun kai masa samame a 2019, kuma a 2020 kotu a Shanghai ta ɗaure shugabansa shekara shida, amma irin kayan da shi da ire-irensa suka watsa suna nan suna yawo a kasuwannin gwanjo, kuma daga irinsu ake cika wa mutane leda.

Da na kira shi, bai musa ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya yi salati, ya ce yaronsa ne ya musanya kayan, ya rantse zai aiko na gasken in na tura kuɗin mota karo na biyu. Da na ce sai dai ya mayar mini da kuɗina, layin ya mutu, shafinsa ma ya yi ɓatan dabo a daren. Daga baya na sa hotunansa shida a manhajar binciken hoto, sai ga su a wata tsohuwar tallar gwanjo ta ƙasar Jamus, tebur ɗaya, labule ɗaya, an yanke gefen da sunan mai su yake. Binciken bai ɗauke ni minti biyar ba, kuma da na yi shi kafin in tura kuɗi da ban rubuta wannan ba. Na kuma samu wasu mutum biyu, ɗaya a Kaduna ɗaya a Abuja, da ya yi wa irin wannan da hoton Skull's Eye Schooner, su ko kwalin taliyar ba su gani ba. Mun gwada bayananmu, muka ga lambobin waya daban, asusu daban, amma labarin dilar Kwatano da mutumin da ya taya da ƙari iri ɗaya ne, sai dai na Abuja an ce masa mai tayin ɗan Kano ne.

Saboda haka duk wanda aka yi wa tayin tsohon jirgi, ina roƙonsa kada ya tura ko sisi sai ya ga kayan a bidiyo kai tsaye, mai sayarwa yana juya gangar jirgin a hannunsa, yana kawo kawunan bulo kusa da kyamara, yana ɗaga filafilan ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe jerin kayan jirgin a shafin BrickLink, wanda yake kasuwar masu tara LEGO tun 2000 kuma kamfanin ya saye shi a 2019, ya sa a nuna masa abubuwan da suka fi wuyar samu, wato filafilai da tutoci da jiguna da igiyoyi da biri da 'yan mutum-mutumin, domin a cikinsu tsadar jirgin take. Sunan asusu ya dace da sunan mai magana. In ciniki ne na cikin gida, a samu amintaccen mutum a garin mai kayan ya je ya gani da idonsa ya biya hannu da hannu. Wanda kuma yake saye daga waje ta hannun ɗan'uwa da manhajar biyan kuɗi ta PayPal, ya sani cewa kuɗin da aka tura ta hanyar da aka ware wa dangi da abokai ba su da kariyar mai saye, kuma shi ya sa macuta suke nacewa a bi ta nan.

Mu ukun mun kai ƙorafi bankunanmu, mun kuma haɗa rasit da hotunan hirarrakinmu da lambobin asusun domin shigar da ƙara a hukumar EFCC. Ban sa sunayen da yake amfani da su a nan ba, domin akwai yiwuwar sunayen bayin Allah ne da ba su ji ba ba su gani ba, kuma maganar tana kan hanyar zuwa hannun hukuma. Duk wanda ya gane wannan labari a abin da ya same shi, ya adana saƙonnin, kada ya goge komai, ya turo mini ta akwatin sirri mu haɗa da namu. A tallar da na gani makon jiya ya ƙara jirgi na huɗu, Imperial Flagship mai lamba 6271 na 1992, kuma a wannan karon yana cewa kayan suna Kaduna.